Wasiƙa zuwa ga Umma daga Mancesta

Mancesta, Ingila
Lahadi, 7 ga Disamba, 2025

Assalamu alaikum Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki da sanyin hunturun nan? Ya Yaya da yaranta, ya Kawu da mutanen gida duka? Ni lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Na rubuto ne maimakon in kira, don da na ji muryarki a waya sai bakina ya mutu, in ce komai lafiya. Auta, ki karanta mata a hankali, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Shekaranjiya Juma'a na turo fam 300 ta asusun Yaya. A fara sayen masara buhu uku yanzu da ake cikin kaka, tunda azumi a watan Fabrairu zai kama, kin san kuma halin 'yan kasuwar Funtuwa in ya gabato. Sai maganinki na hawan jini na wata uku, sai kuɗin makarantar Auta. Abin da ya saura a rage wa Kawu bashin taki. Ban da anko, ban da gudummawar biki. Yaya, da ke nake.

Sai maganar da ta hana ni barci. An ce wannan ɗan naki ya samo wani dillali a Kaduna da zai yi masa biza irin tawa, har ana zancen sa gonar Malam ta bakin rafi a kasuwa. Umma, kada a sayar da gonar nan. Tun ranar 22 ga Yuli na bana gwamnatin ƙasar nan ta daina ba da bizar aikin kula da tsofaffi ga masu zuwa daga waje. Kafin nan ma, tun Maris ɗin 2024 aka hana sababbin zuwa kawo iyali. Duk wanda ya ce zai samo masa ita yanzu, kuɗinsa zai cinye. Yana jin ana biyana fam 12 da 'yan kai a awa, yana bugawa da naira, ba ya lissafa cewa ɗakin da nake ciki, da bai kai rabin zauren gidanmu ba, fam 550 ne a wata, ga haraji. Ba baƙin ciki nake yi masa ba, ni na goya shi. Amma gona ba ta sayarwa ba ce.

Yaya ta kuma gaya mini abin da Gwaggo ta faɗa a gidan suna, wai na canza, na zama Bature, ba na ɗaga waya, ƙila ma sallar na watsar. Ta ce kin yi shiru ba ki tanka ba. Wannan shirun naki ya fi maganar Gwaggo ciwo.

Ban bar salla ba, Allah shaida ne. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, akwai lokacin da na kusa rasa gane kaina. Aikina daga takwas na safe ne zuwa takwas na dare. A wannan watan sai bayan takwas rana take fitowa, kafin huɗun yamma ta faɗi. Azahar, La'asar, Magariba da Isha duk a wurin aiki suke iske ni, tsakanin yi wa wannan wanka da ba wancan abinci a baki. A ɗan ɗakin ajiyar zannuwan gado nake shimfiɗa tawul in yi, kunnena na kan ƙararrawar kira. Wata rana a watan jiya na sallame Magariba, na zauna ina tunanin raka'a nawa na yi, wace sura na karanta. Wallahi ban sani ba. Jikina ne ya yi ruku'u da sujada, ni ina can wurin kuɗin haya da saƙonnin gida.

Akwai wata tsohuwa a cikin waɗanda nake kula da su, ta haura tamanin, ciwon mantuwa ya kama ta. Ko 'yarta ba ta ganewa. Kullum da safe in na shiga da shayinta sai ta riƙe hannuna ta ce, kai wane ne? Nakan faɗi sunana in wuce. Ran nan ba ta saki hannun ba, ta ce a ina ka tashi? Sai na ji ina ba ta labarin Funtuwa, da kukar bayan gidanmu, da yadda Malam yake tashinmu da asuba da ruwan buta. Ba ta fahimci komai ba, dariya kawai take yi. Ni kuwa sai da na shiga banɗaki na wanke fuska. Rabon da in tuna waɗannan abubuwan a natse, na manta.

Ba wani abu ba ne fa, kada ki sa a ranki. Kowa a nan haka yake fama, wasu ma ayyuka biyu suke yi. Ina ci ina sha, har ƙiba aka ce na yi.

Abin da nake yi yanzu, in na idar da Asuba na fito, sai in hau benen bas, in zauna can baya, in kashe waya in jefa ta a jaka. Tafiyar minti talatin da biyar ce. Carbin Malam da kika cusa mini a aljihun akwati ranar da zan taho, wanda na ce miki ba sai na tafi da shi ba, shi nake ja. Istigfari ɗari, salati ɗari, sai in yi shiru ina kallon fitilun titi cikin yayyafi. Wani lokacin gyangyaɗi yakan sace ni, ba zan ɓoye ba. Amma ranar da na samu wannan zaman, ko tsoho ya watsa mini kunun hatsinsa a riga ba na hasala. To a daidai wannan lokacin ne kuke kira. Tun da aka mayar da agogo baya a ƙarshen Oktoba kun riga mu da awa ɗaya, takwas ɗinku bakwai ɗina ce. Ba wulaƙanci ba ne. Ku bar mini wannan rabin awar, ita kaɗai ce tawa. Ranar Lahadi bayan La'asar ɗinku ni zan kira, in sha Allahu. In abu ne na gaggawa a yi saƙo, ina dubawa da na sauka.

Na kuma roƙa a riƙa ba ni hutun Juma'a sau biyu a wata, an yarda. Ina zuwa masallaci a unguwar Cheetham Hill, yawanci 'yan Pakistan ne da Larabawa, amma mun haɗu da mutum biyu 'yan Kano da wani ɗan Maraɗi. Bayan salla mukan tuƙa tuwon shinkafa a ɗakin ɗayansu mu yi Hausa har bakinmu ya gaji. A gaya wa Gwaggo haka. A'a, a bar ta kawai, ina gaishe ta.

Na san da ina gida ni zan riƙa kai ki asibiti, ba Auta ba. Ina tuna wannan kullum. Amma da ina gidan, rufin kwanon nan da har yanzu yana zuba. Ki yafe mini, ki ci gaba da sa mini albarka.

Ɗan Maraɗin nan zai biyo ta Kano a watan gobe, zan turo lambarsa. A ba shi kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da yajinki, a ɗaure su sosai a leda biyu. Kada a sa kilishi ko dambun nama, ba a yarda a shigo da nama ba, a filin jirgi za a ƙwace. Yaya ta turo mini hoton buhunan masarar in an saya. Takardar gonar kuma, Umma, ki ɗauke ta daga ɗakinsa yau ɗin nan, ki sa a ƙasan adakarki, makullin ya zauna a hannunki.

Ɗanki