Malam Edita, a daina ɗora wa hit fam laifin masu ɗaura shi

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Na rubuto ne kan maganar hit fam, injin nan da ke ɗumama gida lokacin sanyi ya kuma sanyaya shi lokacin zafi, don na ga ana ta ce-ce-ku-ce a kansa, wasu na yabo kamar ba shi da aibu ko ɗaya, wasu kuma na cewa yaudara ce kawai, sun saka kuɗin wuta ya ƙaru gidan kuma bai yi ɗumi ba. Ni sana'ata ke nan, ɗaura AC da gyaran firij, kuma abin da nake so masu karatu su ji shi ne yawancin ƙorafin nan ba na injin ba ne, na hannun da ya ɗaura shi ne. Na san wasu 'yan sana'armu ba za su ji daɗi ba, to su yi haƙuri.

Da farko dai a gane injin nan ba ya ƙirƙirar zafi, kwaso shi yake yi daga wani wuri ya kai wani wuri. Ka sa hannunka a bayan firij zaka ji ɗumi, to zafin cikin firij ɗin ne aka kwaso aka zubar waje, AC ma haka yake yi da ɗaki. Hit fam AC ne da aka ƙara masa wani bawul mai juya hanyar gas, in ka danna masa ɗumi sai aikin ya koma baya, ya riƙa kwaso zafi daga iskar waje yana zubawa cikin gida. Nan ne mutane ke tsayawa su ce wai ina zafi a iskar da har ruwa ke daskarewa a cikinta? Akwai mana. Gas ɗin da ke yawo cikin fayif, irin su R32 da R410A, in ba a matse shi ba yana tafasa ne tun wajen digiri 50 ƙasa da sifili, saboda haka iska mai digiri 5 ƙasa da sifili a wurinsa zafi ce, yana zuƙe ta ya zama tururi, kwamfuresa ta matse shi ya yi zafi sosai, sannan ya sauke zafin a ɗaki ya koma ya ɗebo wani. Wutar da kake biya ta juya kwamfuresa da fanka ce kawai. Shi ya sa hita ta wuta in ta ci yunit 1 zafin yunit 1 zata ba ka ba ƙari, shi kuma hit fam da aka ɗaura daidai yana ba da yunit 3 zuwa 4 a kan yunit 1 ɗin nan.

Kuma ba sabon abu ba ne balle a ce gwaji ake yi da mutane. Tun 1852 masanin kimiyyar Birtaniya Lord Kelvin ya yi bayanin dabarar, a 1938 aka saka wa ginin majalisar birnin Zurik a Suwizalan irinsa yana jan zafi daga ruwan kogi, yau kuma a Norwe, ƙasar da sanyinta ba wasa, kusan kashi 60 cikin 100 na gidaje da shi suke ɗumi. In injin ne ba ya iya sanyi da can za a fara jin kuka.

To ina matsalar take? Ta farko tun kafin a buɗe kwali ake yin ta, wajen zaɓen girma. Sai ka ga mai ɗaurawa ya shigo ya ɗaga kai ya kalli silin, ya ce a sa babba don kar a yi da-na-sani, shi ke nan wai ya gama lissafi. Ba haka ake yi ba wallahi. Ana auna kowane ɗaki, a ƙirga tagogi a ga ina suke kallo, gilashi ɗaya ne ko biyu, bango da rufi akwai abin tare zafi a ciki ko babu, iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ko a'a, mutum nawa ke kwana, sannan a duba iyakar sanyi da iyakar zafin da garin ke kaiwa, daga nan ne ake fitar da kilowat nawa gidan ke buƙata. Mutane sun ɗauka babba ya fi, alhali inji in ya yi wa gida yawa sai ya riƙa tashi yana mutuwa, minti kaɗan ya kai inda aka saita ya kashe kansa, an jima ya sake tashi, wannan tashi da mutuwar shi ke gajiyar da kwamfuresa yana kuma cin wuta, lokacin zafi ma ba ya daɗewa yana aiki balle ya tsotse laimar ɗaki, sai ka ji ɗakin da sanyi amma jiki na danƙo. Inji mai inbata yana rage gudu da kansa, gaskiya ne, amma shi ma akwai iyakar da ba zai iya sauka ƙasa da ita ba. In kuma ya yi ƙarami to ranar da sanyi ya tsananta zai yi ta gurnani gidan bai ɗumama ba. Kuma duk mai gaskiya zai fara ce maka toshe ɓarakar gidan tukuna, rufi da tagogi da ƙofofi, saboda wani lokacin in aka gyara waɗannan ƙaramin inji ma ya ishe ka.

Ta biyu ita ce ta fi ƙona mini rai, maganar bakum. Bayan an haɗa fayif ɗin tagulla tsakanin injin da ke cikin ɗaki da wanda ke waje, akwai iska da laima a cikinsu, dole a fitar kafin a saki gas. Yadda ake yi, a fara cusa naitirojin a matse layin a bar shi a ga ko allurar geji zata sauka, a shafa kumfar sabulu a kan kowane goro a tsaya a kalla, in akwai yoyo zaka ga ƙwai na tasowa a hankali ɗaya bayan ɗaya. In babu, sai a saki naitirojin ɗin a jona injin bakum da mitar da ke auna maikiron, wato ma'aunin iskar da ta rage a cikin fayif, ana ja har ta sauka 500 ko ƙasa, sannan a rufe bawul a kashe injin a zuba wa lambar ido. In ta ɗan hau ta tsaya, layi ya bushe. In ta hau da yawa kafin ta tsaya akwai sauran laima, a ci gaba da ja. In ta yi ta hawa ba tsayawa to akwai inda ke shan iska, a koma a nemo. Abin da da yawa ke yi kuwa, su kwance bawul da makulli su bar gas ya yi fiiit na 'yan daƙiƙu ta ɗaya bakin, su ce sun kore iska, su ɗaure su karɓi kuɗinsu. Mai gida na tsaye yana murna aiki ya yi sauri. Laimar da aka bari a ciki tana haɗuwa da man kwamfuresa ta zama asid, ta ci wayoyin ciki sannu sannu, ranar farko lafiya lau, shekarar farko ma ƙila lafiya, sai wata rana kwamfuresa ta ƙone a ce ai kamfanin ne ba ya yin abu mai kyau. Wanda ya yi ɓarnar kuma shi za a sake kira ya gyara.

Haka bakin fayif da ake buɗawa kafin a ɗaura goro, in ba a kankare gefen ba ko aka ɗaure da ƙarfin hannu kawai ba da sifana mai auna ƙarfi ba, ko dai ya tsage ko ya yi sako-sako, gas ya riƙa zurarewa kaɗan kaɗan. A nan nake so mutane su riƙe abu ɗaya, gas ɗin injin nan ba ya ƙarewa kamar man mota, a rufe yake yana zagaye. Duk wanda ke zuwa kowace shekara yana ce maka a ƙara gas bai kuma nemo inda ke yoyo ba, cinikinsa yake yi da kai. Sannan gas ɗin da ke tsiyayewa ba asarar aljihu kaɗai ba ce, kilo 1 na R410A a sararin sama ya kai kamar kilo 2,000 na hayaƙin kabon wajen ɗumama duniya, R32 wajen 675, shi ya sa aka yi yarjejeniyar Kigali a 2016 don a rage irinsu, kamfanoni kuma suka fara komawa R290 wanda nasa bai wuce 3 ba, sai dai shi yana kama wuta, yana buƙatar wanda ya san aikinsa ba mai koyo a gidan mutane ba.

Sai wurin ajiye na waje. An taɓa kirana wani gida wai inji ba ya ɗumi, na je na tarar an cusa shi a wani lungu tsakanin bango biyu an kuma yi masa rumfa da katako har gaba saboda matar gidan ba ta son ganinsa, iskar sanyin da yake hurowa tana bugun katako ta dawo ya sake zuƙe ta, bayansa duk ya yi fari fat da ƙanƙara kamar cikin firiza, fanka na juyawa a banza. Ba abin da na canza, katakon muka cire muka jawo shi fili. Injin nan numfashi yake so, gaba a buɗe, baya da gefe a bar tazarar da littafinsa ya ce, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa roba a ƙafafunsa kar ya riƙa girgiza bango, kar kuma a manna shi a jikin tagar ɗakin kwana naka ko na maƙwabci. Abin da ba a gaya wa mutane, lokacin sanyi na wajen ne ke zubar da ruwa, ba na ciki ba. In iska na da laima kuma tana kusa da sifili, ƙanƙara na taruwa a bayansa, shi da kansa zai tsaya ya juya aiki na 'yan mintuna ya narkar da ita, har ka ga tururi na tashi, wasu su firgita su kashe wuta su ce yana ƙonewa. Lafiyarsa ƙalau. Amma ruwan nan sai an yi masa hanya, in ba haka ba ya daskare a inda ake takawa wani ya zame.

Waya kuma a ja masa tasa daga allon rarraba wutar gida da birekarsa, kaurin da ya dace, ba a jona shi a soket ɗin da ake guga ba. Wannan ba sai na tsawaita ba.

Gidajen da ke ɗumi da ruwan zafi a radiyeta, wato ƙarfen da ake kafawa a ɗaki ruwan zafi na bi ta cikinsa, su ma akwai tasu matsalar. Tukunyar da ke dafa ruwan da gas tana tura ruwa mai digiri 60 zuwa 80, hit fam kuwa ya fi jin daɗin aiki a 35 zuwa 50, duk digirin da ka ƙara masa yana ƙara cin wuta. To in aka cire tukunya aka jona shi a ƙananan radiyetocin da ke nan ba a duba ba, dole a ɗaga zafin ruwan sama don ɗaki ya ɗumama, ribar nan ta yunit 3 zuwa 4 sai ta zube. Wani ɗakin sai an canza masa radiyeta babba, wani bai buƙata, lissafi ne ke nunawa. Akwai kuma mai jan zafi daga ƙasa, ana binne fayif a kwance ko a haƙa rami mai zurfi kamar na burtsatse, ya fi ƙarancin cin wuta saboda can ƙasa zafin ba ya canzawa sosai rani da hunturu, amma aikinsa babba ne kuma sai mai fili.

Ba kuma ina cewa kowa ya ruga ya saka ba fa. Inda kuɗin yunit ɗin wuta ya ninka na gas fiye da sau 3 ko 4, riba na iya zama kaɗan ko babu, inda wuta ba ta tsayawa kuma sai an yi tunanin me za a jingina da shi. Mai sayarwa da bai gaya maka wannan ba bai kyauta maka ba. Su ma masu gida da nasu, iskar da yake hurowa ɗumi ce ba zafi rau irin na hita ba, sai mutum ya sa hannu ya ce ai ba ya aiki, ya murɗa tamostat, abin saita zafin, har ƙarshe, a wasu injinan wannan ne ke tayar da hitar wuta ta ko-ta-kwana da ke ciki, mita ta kama gudu. Saita shi wuri ɗaya ka bar shi, ka wanke filta duk wata ko biyu, ka share ganye da ƙura daga na waje.

Roƙona Malam Edita, in za ku yi rubutu kan wannan, ku tura wakilinku ya tsaya a inda ake ɗaurawa daga safe har a gama, ya ga abin da ake yi da abin da ake tsallakewa, ba ya tsaya kan takardar talla ba. Mai karatu kuma da ke shirin sakawa, kafin ya biya cikon kuɗi ya nemi a rubuta masa a takarda, kilowat nawa aka lissafa wa kowane ɗaki, naitirojin ya kai nawa kuma ya daɗe nawa, bakum ya sauka maikiron nawa, tsawon fayif mita nawa ne kuma an ƙara gas ko ba a ƙara ba, don in layi ya wuce tsawon da kamfani ya cika wa gas sai an auna an ƙara da sikeli. In mai ɗaurawa ya ce ba shi da mitar maikiron, a ce masa ya je ya aro, aikin zai jira shi.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Mai karatunku, mai sana'ar ɗaura AC da gyaran firij