Kafin a zargi mai ƙiba da haɗama, a san aikin Coleman

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan yadda ake maganar ƙiba a shafukan lafiya. Kusan kullum shawarar ɗaya ce: mai ƙiba ya kame bakinsa, ya bar lalaci. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu, kuma abin yana ci mini rai, domin tuni masana suka gano cewa yunwa da ƙoshi ba a hannun mutum kaɗai suke ba.

Wanda ya share wannan hanya shi ne Douglas Coleman, ɗan Kanada da ya yi aiki a cibiyar binciken Jackson da ke jihar Maine a Amurka daga 1958 har ya yi ritaya a 1991. A can akwai ɓeraye iri biyu, ob da db, masu ci ba ƙaƙƙautawa har su yi jibgegiyar ƙiba. Coleman ya riƙa ɗinke ɓera biyu gefe da gefe yadda jininsu zai gauraya. Da ya haɗa db da lafiyayyen ɓera, sai lafiyayyen ya ƙaurace wa abinci, ga shi a gabansa, har yunwa ta kashe shi. Shi kuwa db ko a jikinsa, ci kawai yake yi. Da ya haɗa ob da db, sai ob ɗin da bai taɓa sanin ƙoshi ba ya daina ci, ya rame.

Zuwa 1973 ya fahimci cewa akwai wani sinadari a jini mai kai wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Jikin ob ba ya samar da shi. Jikin db yana samar da shi har ya yi yawa, amma ba shi da makarɓar saƙon, kamar kurman da ake ta ƙwala wa kira. Coleman bai iya ware sinadarin ba, kuma da yawa daga cikin masana ba su yarda da shi ba. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller, bayan shekara takwas yana nema, ya gano ƙwayar gadon da ke samar da shi, aka sa wa sinadarin suna leptin. Ashe kitsen jiki ne da kansa ke fitar da shi. A 2013 su biyun suka karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a fannin likitanci, shekara guda kafin mutuwar Coleman.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru ne a Kambirij ta Ingila. A 1997 likitoci Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi da abokan aikinsu suka ga yara biyu 'yan dangi ɗaya da aka haifa ba su da leptin. Babbar, tana 'yar shekara tara, ta haura kilo 90. Da aka fara yi mata allurar sinadarin kullum, sai yunwar ta lafa, jikin ya fara sauka. Wa zai ce haɗama ce ta kama yarinyar nan?

Ba ina cewa allura za ta warkar da kowa ba. Irin waɗannan yara ƙalilan ne ƙwarai. Yawancin masu ƙiba leptin ya yi musu yawa ma, ƙwaƙwalwar ce ba ta amsa shi yadda ya kamata, shi ya sa allurar ba ta yi musu wani abin a zo a gani ba. Kula da abinci da motsa jiki suna nan da amfaninsu.

Roƙona ga masu rubuta shafinku na lafiya shi ne su riƙa faɗa wa iyaye cewa yaron da tun yana ƙarami ba ya ƙoshi, yana ta ƙiba fiye da kima, likita ya kamata a kai shi, a bar yi masa gori da faɗa.

Naka,
Wani tsohon malamin ilimin halittu