Wasiƙa zuwa ga aminina a kan aikin enzayim

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, har da tambayar da ka jefo a ƙarshensa: wai shin ƙarfi enzayim (wato abin nan mai hanzarta sauyin sinadarai a jikin mai rai) yake ƙara wa sinadaran jiki, shi ya sa suke sarrafuwa da sauri haka? A'a, ba ya ƙara musu komai.

Duk sinadarin da zai rabe gida biyu, ko ya haɗu da wani, yana buƙatar wani makamashi na farko kafin abin ya kankama. Ɗauke shi kamar tudun da sai an hau kafin a gangara. A ɗakin gwaji sai a hura wuta, sinadaran su samu ƙarfin hayewa. To jikin mutum fa? Zafinsa yana wajen digiri 37 ne, kuma ba halin a dafa shi. Aikin enzayim shi ne rage tsayin tudun nan. Inda aka taso da inda za a sauka ba sa canzawa. Sauyin da ba zai yiwu ba, enzayim ba zai tilasta shi ba, amma wanda zai ɗauki shekaru yana iya kammala shi kafin ƙiftawar ido.

Ta yaya? Mafi yawan enzayim furotin ne, wato doguwar sarƙar amino asid da ta nannaɗe, ta bar ɗan gurbi a jikinta. A wannan gurbi sinadarin da za a sarrafa yake zama. A 1894 Emil Fischer, wani masani Bajamushe, ya kwatanta abin da kwaɗo da makullinsa: kowane enzayim da irin sinadarin da yake karɓa. A 1958 Daniel Koshland na Amurka ya kawo gyara, ya ce gurbin ba a sandare yake ba, yana ɗan motsawa ya matse abin da ya shigo. Ni wannan bayani ya fi kwanta mini a rai, domin a matsewar nan aikin yake. Ana lanƙwasa sinadarin, a ja mahaɗin da ake son tsinkewa har ya yi rauni. Idan biyu za a haɗa, sai a riƙe su dab da juna ta fuskar da ta dace, maimakon a jira su yi karo da sa'a. Da an gama sai enzayim ya saki, ya koma yadda yake, ya kama na gaba. Ba ya ƙarewa a cikin aikin, shi ya sa ɗan kaɗan yake wadatarwa.

Saurin kuwa sai ka riƙe baki. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani enzayim mai suna kabonik anhaidires, mai ɗauke da sinadarin zink a gurbinsa. Ƙwaya ɗaya ta wannan enzayim tana iya haɗa iskar kabon dayoksaid da ruwa kusan sau miliyan a sakan guda. Kumfar nan da take tashi idan an zuba ruwan wanke ciwo na haidirojin feroksaid a rauni ma aikin wani enzayim ne mai suna katales, yana farfasa shi ya zama ruwa da iskar oksijin.

Sai dai da yake komai ya rataya ne a kan siffar gurbin, abin da ya ɓata siffar ya tsayar da aikin. Zafi ya yi yawa, sarƙar ta warware. Pepsin, wani enzayim mai narkar da abinci, yana aiki a cikin asid ɗin tumbi, amma da ya gangara ƙaramin hanji sai ya daina. Haka kuma saurin yana da iyaka: idan duk gurabun sun cika, ko an ƙara sinadari ba abin da zai ƙaru. Leonor Michaelis da Maud Menten ne suka fitar da lissafin wannan a 1913.

Magunguna da yawa ta nan suke bi. Penisilin yana toshe gurbin enzayim ɗin da bakteriya take gina bangon jikinta da shi, sai bangon ya yi rauni ta fashe. Mu ƙwayoyin jikinmu ba su da irin wannan bango, don haka ba abin da zai toshe a wurinmu. Asfirin kuma yana tsayar da enzayim mai samar da sinadaran da ke haddasa ciwo da kumburi.

Ka gaishe mini da mutanen gida da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka amini.