Yabon Kai Jahilci Ne, Amma a Zauren Intabiyu Fa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda 'ya'yanmu mazauna Legas suke faɗuwa a intabiyun neman aiki a manyan kamfanonin fasahar zamani, alhali da yawa daga cikinsu sun san aikin. Ni malami ne mai koyar da kwamfuta a Agege, kuma a kan wannan magana ni ganau ne ba jiyau ba.

Akwai ɗan yayata da ya karanta kimiyyar kwamfuta a gida Arewa, ya gama hidimar ƙasa, sannan ya zo ya zauna a wurina. Yaro ne mai ƙwazo, domin shi kaɗai ya rubuta wa wani dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 manhajar da ke lissafa kwandunan da suka sauka daga kowace mota, da mai kayan, da bashin da ake bin kowane ɗan sari, abin da a da ake rubutawa a littafi ana rigima a kansa kowane mako. A bara ya nemi aiki a wani babban kamfani na ƙasar waje wanda ba zan ambaci sunansa ba. Ya tura takardunsa, aka aiko masa da jarrabawa ta intanet ya ci, jami'ar ɗaukar ma'aikata ta kira shi a waya ya haye, sannan aka sa masa ranar da mutum huɗu za su gana da shi ta bidiyo, ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da abin ya zo, na sallami ɗalibaina da wuri, na cika janareta da mai saboda kada a ɗauke wuta ana tsaka da magana, na kuma je na roƙi maƙwabcina mai injin niƙa ya yi mana haƙuri ya kashe injinsa zuwa la'asar. Na zauna a bayan labule ina saurare. Mutum uku na farko matsalolin rubuta manhaja suka ba shi, ya kuma warware su, sai dai na lura cewa shiru yake yi yana ta bugawa har ya gama, mai tambaya yana jiransa. Ta huɗun wata mata ce, ta nemi ya ba ta labarin wata matsala da ta gagari jama'a shi ya warware ta. Na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama, ga labarin tumatir nan. Sai na ji yaro ya ce sun yi wani ɗan aiki shi da abokansa, Allah kuma ya taimaka abin ya yi kyau. Matar ta sake tambayarsa shi a karan kansa me ya yi, ya sunkuyar da kai ya yi 'yar dariya, ya ce aikin haɗin gwiwa ne. Sau uku tana juya tambayar, sau uku yana kaucewa. Bayan mako biyu saƙo ya zo cewa sun gode, amma ba su ɗauke shi ba.

Da na zaunar da shi na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Haba Kawu, ai da kunya mutum ya zauna gaban baƙuwa yana cewa ni ne na yi, ni ne na yi." Ban iya yi masa faɗa ba, domin mu muka koya masa haka. Mu muka ce masa yabon kai jahilci ne, mu muka hana shi kallon babba a ido, mu muka nuna masa cewa yawan tambaya a gaban malami rashin ladabi ne.

To amma ya kamata iyaye su san yadda waɗannan kamfanoni suke tantance mutum. Mai yin tambaya a mafi yawan lokuta ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Aikinsa shi ne ya rubuta abin da ya ji daga bakin mai neman aiki, sannan a haɗa rahotannin a duba. A Google, alal misali, wani kwamiti ne wanda bai ga mai neman aikin ba yake karanta waɗannan rahotanni, saboda haka duk abin da yaro bai furta ba, a wurinsu tamkar bai taɓa faruwa ba ne. Kamfanin Amazon yana da ƙa'idojin jagoranci 16 da yake gina tambayoyinsa a kansu, yana kuma sa wani ma'aikaci daga wani sashe dabam a cikin masu ganawar, wanda ke da ikon hana a ɗauki mutum ko da shugaban sashen yana so. A shekarar 2013 Laszlo Bock, wanda a lokacin shi ne shugaban harkokin ma'aikata a Google, ya fito ya ce tambayoyin kacici-kacici da suka yi suna da su ɓata lokaci ne, kuma abin da ya fi nuna ingancin mutum shi ne a tambaye shi abin da ya taɓa yi da yadda ya yi shi. Ko a wajen rubuta manhajar ma, so suke su ji mutum yana bayyana tunaninsa a fili, yana tambayar abin da bai gane ba, yana faɗin dalilin da ya sa ya bar wata hanya ya bi wata. Shirun da mu muke ɗauka natsuwa, su a takardarsu rauni ne wajen hulɗa da abokan aiki.

Ba ina kira ne a watsar da tarbiyyarmu ba. Abin da nake gani shi ne mun cakuɗa alfahari da bayar da shaida, alhali kowanne da wurinsa. A cikin Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci amanarsa da iliminsa a matsayin hujja. Wanda aka tambaye shi aikinsa ya faɗi gaskiyar abin da ya yi, bai yi fariya ba, kamar yadda tela ba ya jin kunyar nuna ɗinkinsa ga mai kawo yadi.

Su ma kamfanonin suna da nasu laifin. Ma'auninsu an gina shi ne a kan ɗabi'un wata al'umma, ba kuma ma'auni ne marar kuskure ba. A shekarar 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya jingine wata manhajar tace takardun masu neman aiki bayan an gano tana danne mata, saboda an horar da ita da takardun shekarun baya waɗanda yawancinsu na maza ne. Sannan a ja mutum wata biyu ko uku, a sallame shi da layi biyu ba tare da an gaya masa inda ya gaza ba, wannan ba adalci ba ne. Sai dai mai nema ba ya fushi, kuma kafin su gyara nasu, gara mu gyara namu.

Ga kuma matsalar rashin na ciki. Takardar da wani ma'aikacin kamfani ya miƙa ta fi saurin samun mai dubawa a kan wadda ta shiga cikin dubbai ta shafin intanet. Matasan da suka taso a unguwar Yaba, a kewayen cibiyar fasaha ta CcHUB da kamfanin horar da masu rubuta manhaja na Andela wanda aka kafa a 2014, sun san juna, suna jan juna, suna gwada wa juna tambayoyi. Mu kuwa a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago mun yi suna a canji da cinikin dabbobi da kayan gwari, kuma a waɗannan sana'o'i babu wanda ya kai mu iya riƙe hannun ɗan'uwa, amma a wannan fanni yaronmu shi kaɗai yake lalube a duhu. Ƙofar ma ƙara tsukewa take yi. Kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami ma'aikata kimanin 11,000 a Nuwamban 2022, Google ya sallami kimanin 12,000 a Janairun 2023, Microsoft kuma da ya buɗe cibiyar injiniyoyi a nan Legas a 2019 ya rufe ta a 2024. Ƙwararrun da aka sallama sun dawo suna takarar gurbi ɗaya da yaron da bai taɓa zama a gaban mai intabiyu ba.

Saboda haka ina kira ga Ministan Sadarwa Bosun Tijani, da hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ƙarƙashin Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, da su tabbatar shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani ya bai wa gwajin intabiyu muhimmanci kamar yadda yake bai wa karatun kansa. Sarakunan Hausawa na unguwannin Legas da kwamitocin masallatanmu kuma za su iya ware ɗaki ɗaya mai wuta da intanet, inda yaro zai yi ganawarsa ba sai kawunsa ya je roƙon mai injin niƙa ba. 'Yan'uwanmu da Allah ya sa suka riga suka shiga waɗannan kamfanoni, awa biyu a wata ta ishe su su zauna da ƙannensu su yi musu tambayoyin yadda aka yi musu.

Ni dai na fara a shagona kowace Asabar bayan azahar. Ina zaunar da yaro a gaban kyamara, in hana shi cewa "mun yi" sai ya faɗi nasa kason, in ya yi shiru ya wuce minti ɗaya in buga tebur. Ɗan yayata yanzu yana iya ba da labarin tumatir daga farko har ƙarshe, ko da yake har yanzu idan ya zo wajen "ni na rubuta" sai ya ɗan kalli ƙasa. Ina roƙon ka, Malam Edita, ka ware wani shafi inda waɗanda suka taɓa shiga irin wannan ganawa za su riƙa rubuto tambayoyin da aka yi musu da yadda suka amsa, domin in riƙa yanko shi ina karanta wa ɗalibaina.

Wassalam.

Naka,
Malamin kwamfuta,
Agege, Legas.