Zuwa ga Babana, a kan maganar direbobinka

Assalamu alaikum.

Muna lafiya, ƙafar mahaifiyarka ma ta yi sauƙi. Tsakanin Tudun Wada da Kakuri ba nisa, amma tun da aka ɗora ka a kan motocin kamfanin nan sai a waya muke jin muryarka. Shi ya sa na sa Ummi ta rubuta wannan ta kai maka.

Na yi murna da ƙarin girman, kada ka ce ban yi ba. Amma wata magana ta iso ni daga Maraban Jos, daga bakin mutumin da ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Wai direba ya taso da kaya daga Apapa, ya sha ramukan Jebba da Mokwa, ya zagayo ta Bida da Lambata saboda hanyar Birnin Gwari ba ta biyuwa da daɗi, ya iso cikin dare, da asuba ka miƙa masa takardar lodin Kano. Wai wanda ya makara kuma kana zabtare masa kuɗin hanya. In ƙarya ce, alhamdu lillahi. In gaskiya ce, to ka saurare ni.

Direban da ka hana barci ba zai ce maka a'a ba, yana da iyali. Zai ce "to, ranka ya daɗe", ya tsaya wajen mai shayi, ya kora tiramadol, ya hau. Ƙwaya ba ta korar barci, ɗage shi take yi, kuma in ya tashi dawowa ba ya sallama. Idon mutum a buɗe, hannunsa a kan sitiyari, amma ba ya nan. Tirelar da ta ɗauko buhun siminti 600, tan 30 ke nan, ban da nauyin ita kanta motar. Wane birki ne zai tsayar da ita in ta doshi kasuwar bakin titi? Ga kuma bayin Allah da yaran mota ke ɗorawa a saman kaya don neman na cefane, su ashirin, su talatin, ba a rubuta ko ɗaya a takardarka ba. Na wanke gawar abokan aiki, Babana. Wannan abin ne ke hana ni runtsawa, ba asarar kaya ba.

Na'urar taƙaita gudu da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sakawa tun 2017 tana rage gudu ne kawai, ba ta tashin mai gyangyaɗi. Kai da muka yi ta fama har ka gama Poli, sai an gaya maka wannan? Ko don yanzu kana zaune cikin sanyin ofis kana bin motoci a kwamfuta, ka manta da kuɗin me aka saya maka littafi? Wasu cikin mutanen nan sa'o'ina ne. Na ji har sunansu kake kira gatsau. Ba a gidana ka koyi wannan ba.

Za ka ce ni ma na yi tuƙin dare. Na yi, ku nake ciyarwa. Amma in ido ya yi nauyi nakan faka a Tafa, in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, kuma maigidana bai taɓa cire mini ko kwabo a kan haka ba.

Na san kai ma matsa maka ake yi. Tun da gas ya yi tsada a 2022 masu motoci ba sa son ganin taya a tsaye. Ban ce ka yi sake ba: wanda ya zuƙe gas ya sayar a hanya ka hukunta shi, wanda taya ta suɗe ka hana shi fita ko da zai yi fushi. Barcin nan kawai nake roƙa musu. Wanda ya dawo daga Legas ya kwana a gidansa, in lodin na gaggawa ne a ba wani. In manaja ya ƙi, ka ce ya sa hannu da kansa.

Ka zo ranar Juma'a, mu haɗu a masallacin Sultan Bello mu wuce gida tare, in ji ta bakinka. Mahaifiyarka ta ce ka taho da Amarya da yaran. Ba ta san da wannan takarda ba, kada ka tayar mata da hankali.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka