Wasiƙa Zuwa Ga Abba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan karatu na tafiya lafiya.

Ƙanwarka ta nuna mini hoton ɗan jirgin ƙarƙashin ruwan da kake haɗawa. Hannunka ya faɗa, ban musa ba. Ja a hagu, kore a dama, haka fitilun jirgi suke, kuma jan hasken da ka sa a ciki daidai ne, domin shi ba ya kashe wa matuƙa ido da dare.

Ta ce ƙwayaye uku sun ƙone maka. Dole su ƙone! Jan LED, wato ɗan ƙwan fitilar nan, bolt 2 kawai yake so, fari kamar 3, kai kuma ka ɗora musu batir mai bolt 9 kai tsaye. Kowane ƙwai ka ba shi resistarsa, ɗan abin nan mai rage ƙarfin wuta, mai om 470, doguwar ƙafar ƙwan a ɓangaren fositif. In hasken ya yi yawa har jirgin ya koma kamar rumfar mai shayi, ƙara zuwa om 1000 ko 2200, zai lafa.

Amma ba wannan ya hana ni barci ba. A gefen hoton na hango batirin litiyam, irin wanda ake ciro wa daga tsohon batirin kwamfuta, tsirara a kan katifarka. A kan katifa, Abba! Waya ɗaya ta taɓa ɗaya, ko ka bar shi a caji ka yi barci, sai ya yi zafi ya kama da wuta, kuma wutarsa ba ta mutuwa da sauƙi. Ku huɗu ne a ɗakin nan, ƙofa ɗaya. Kai da ka tsaya tare da ni a bakin shago a daren gobarar nan, har sai na tuna maka? Shekara ashirin da biyar ina riƙe da ƙarfen dalma, ban taɓa hana ka taɓa kayana ba, ni na fara ɗora maka shi a hannu. Don haka kada ka ce tsoron tsufa ne. Ka fitar da shi daga ɗakin yau, ba gobe ba.

Batirin rediyo guda uku sun ishi fitilunka. Na ƙulle maka resista ashirin da salatif a leda, suna cikin ƙullin yajin da Ummanku za ta aiko ranar Asabar. In ka gama, ka kashe wutar ɗaki ka ɗauko mini hotonsa a duhu, ina son in gani.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.