Ƙafar Baba da ɗakin iskar oksijin

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan gidan rediyonku. Shirinku na lafiya ba ya wuce ni, shi ya sa nake roƙon ku ware rana guda ku yi magana a kan gyambon ƙafa na masu ciwon suga, da wani magani da na gani da idona, wato ɗakin iskar oksijin mai matsi.

Mahaifina ya daɗe da ciwon suga. Bara da damina ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa a hanyar gona, bai ma ji ba, sai da aka ga jini a takalminsa, domin cutar tana kashe jijiyoyin ji. Wata biyu muna barbaɗa masa garin magani muna ɗaurewa da tsumma. Wannan laifinmu ne, kuma har yau yana ci mini rai. Ranar da muka kai shi asibiti, ɗan yatsa ya riga ya yi baƙi, ɗakin ba ya shiguwa don wari. Aka cire yatsan, likita ya ce in ba a tashi tsaye ba ƙafar za ta bi. Dangi suka yi karo-karo, muka sayar da fili, muka kai shi Tunis, babban birnin ƙasar Tunisiya.

A can na ga abin. Ɗaki ne na ƙarfe kamar tankin motar dakon mai a kwance, da ƴan tagogi zagayayyu da kujeru a ciki. A rufe ƙofa, a yi ta tura iska har matsin cikinsa ya kai ninki biyu zuwa uku na iskar waje, sannan a sa wa majinyaci marufin hanci da baki ya shaƙi oksijin zalla. Iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Likitan ya bayyana mini cewa matsin shi ke sa oksijin ya narke cikin ruwan jini, ya isa naman da hanyoyin jininsa suka tsuke, ya ƙarfafa garkuwar jiki a kan ƙwayoyin cuta, sabbin ƙananan hanyoyin jini su tsiro.

Kafin a shiga kullum sai an auna sugansa. Ba a shiga da waya ko ashana, ba turare, ba man shafawa, sai rigar auduga ta asibiti, saboda wuta ba ta wasa da oksijin. Ranar farko Baba ya fito yana dafe da kunne, ya ce, "Ɗana, kamar an cusa mini auduga." Aka koya masa haɗiye yawu da hamma, ya saba. Kowane zama kusan awa biyu, ya yi zama 30. A mako na uku na ga jan nama ya fara tasowa daga ƙasan ramin, na fita baranda na yi kuka.

Amma Malam Edita, kada masu sauraro su ɗauka ɗakin shi kaɗai ya yi aikin. Ana kankare mataccen nama, ana wanke ciwo, ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar insulin, an kuma hana shi taka ƙafar. Kuɗin da muka kashe ba kowane gida a unguwar Birni ko Zengo ta nan Damagaram zai iya ba, alhali da mun kai shi asibiti a makon farko, wataƙila ko Yamai ba mu je ba.

Ku gayyato likita ya faɗa wa mutane su riƙa duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, su daina yawo ba takalmi. Ya kuma taɓo gubar hayaƙin gawayi, tunda da wannan ɗakin ake ceto waɗanda ta yi wa mummunan kamu, ga shi hunturu na tafe, mutane za su fara shiga da garwashi ɗaki su rufe ƙofa. In da hali, ku tambayi hukumomin lafiya ko akwai shirin kawo irinsa babban asibitin Damagaram.

Baba yana gaishe ku. Da ƙafarsa yake zuwa masallaci yanzu, da sanda a hannu.

Naka mai sauraro,
daga unguwar Zengo, Damagaram